MU KOYI TURANCI: 'Yan Ƙananan Kalmomi Masu Juya Magana

Darasinmu na wannan wata amsa ce ga wata takarda da ta zo mana daga Sakkwato. Wata uwa ce ta rubuto daga unguwar Ƙofar Marke. Ta ce ɗiyarta tana iya karanta jaridar Turanci ta gane abin da aka faɗa, amma sau biyu ke nan tana rubuta jarrabawar gama sakandare ba ta sami kiredit a Turanci ba. Malaminta ya ce abin da ya fi kayar da ita shi ne 'yan ƙananan kalmomin nan, su "in" da "on" da "at". Uwar tana tambaya, ƙaƙa kalmar da ba ta wuce harufa biyu ba za ta tare wa yarinya hanyar jami'a?

To, Mama, ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Ba su kaɗai suke kayar da yara ba, gama akwai insha'i, akwai fahimtar karatu, akwai taƙaitawa. Amma kalmomin nan suna cikin kowane ɗaya daga cikinsu, da ƙyar mutum zai rubuta layi biyu na Turanci bai taɓa su ba. Hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952, da NECO ta 1999, duk suna yin tambayoyi a kansu. JAMB kuma ta wajabta Turanci a kan kowane mai neman shiga jami'a, ko likita yake so ya zama ko lauya. In ma an ajiye zancen jarrabawa, su ne dai a jikin kwalin magani, su ne a takardar haya da ta bashi. A can kuwa kuskure ba jan biro yake jawowa ba, asarar kuɗi ce ko ta lafiya.

Malamai suna kiransu "prepositions". Mu bari mu ce da su 'yan rakiya, domin ba su tafiya su kaɗai, kullum suna jikin wata kalma.

Me ya sa suke ba Bahaushe wuya? Ku dubi "da" tamu. Mukan ce da wuƙa, da dare, da safe, da Hausa, da ƙarfe biyu. Kalma guda ta ishe mu. Bature kuwa sai ya ce "with a knife", "at night", "in the morning", "in Hausa", "at two o'clock". Haka "a" tamu take: a Sakkwato, a tasha, a hanya. Shi sai ya rarraba, "in Sokoto", "at the motor park", "on the road". Idan muna so mu bayyana wuri sosai mukan ari sunayen gaɓoɓin jiki, mu ce kan tebur, cikin ɗaki, bayan gida, bakin kogi, gindin itace. Wani lokaci ma ƙarshen aikatau muke juyawa, mu ce fita da fito, kai da kawo, saya da sayar. Yawancin aikin nan da 'yan rakiya Turanci yake yinsa. Saboda haka yaron da ya shirya maganarsa da Hausa a zuci, sa'an nan ya bi ta kalma kalma yana juyawa, lalle zai yi tuntuɓe a daidai nan.

Kada kuwa a ɓata lokaci ana neman dalilin kowace ɗaya. Bakano yakan ce "ya gaya wa sarki", Basakkwace ya ce "ya gaya ma sarki". Ba wanda ya koyi wannan daga doka, da kunne kowa ya ɗauka a gidansu. Haka Bature ya ɗauki "at night" da "in the morning". Abin da zai fisshe mu shi ne mu koyi kowace ɗaya tare da kalmar da take rakiya, a cikin cikakkiyar magana, kamar yadda ake sayen takalmi ƙafa biyu tare.

Bari mu fara da wuri, mu tsaya a Ƙofar Marke ɗin. Ita ɗaya ce daga cikin tsofaffin ƙofofi takwas na birnin da Muhammadu Bello ya kafa a 1809, tare da su Ƙofar Rini, Ƙofar Kware, Ƙofar Taramniya da Ƙofar Atiku. Yau sunan unguwa ne. In baƙo ya tambayi ɗiyarki inda take zaune, ga amsa:

I live in Sokoto.
I live at Ƙofar Marke.
My uncle has a shop on Ahmadu Bello Way.

Ana sa "in" ga abin da ya kewaye mutum, kamar ƙasa, gari ko ɗaki. Ana sa "at" ga wurin da za a iya nunawa da yatsa a ce "nan", kamar tasha, mararraba, bakin ƙofa ko lambar gida. "On" kuwa ta abin da ake bisa kansa ce, ko abin da ya miƙe kamar hanya. Unguwa tana iya ɗaukar "in" idan mai magana yana nufin cikin lungunanta, wannan ba laifi ba ne. Ƙofa ɗaya tana iya ɗaukar uku: "wait at the gate", jira a bakin ƙofa, "go through the gate", bi ta cikinta ka wuce, "the notice on the gate", sanarwar da aka manna a jikinta.

Ga wani wuri da ya kamata kowane gida ya kiyaye, musamman yanzu da saƙon waya ya maye gurbin wasiƙa. In ka rubuta wa wanka da ke Legas cewa "Father is in hospital", ka gaya masa an kwantar da Baba a gadon asibiti. Mai yiwuwa kafin magariba ya nemi kuɗin mota. In kuwa dubiya Baba ya je, ko karɓar magani, sai ka ce "Father is at the hospital". Haka "in prison" ɗaurarre ne, "at the prison" kuwa wanda ya kai abinci ne ko mai aiki a wurin. Mutanen Amurka sukan ce "in the hospital" ga wanda aka kwantar, amma makarantunmu tafarkin Ingila suke bi.

Zancen tafiya ba shi da wuya ƙwarai. "By car", "by bus", "by air", amma "on foot". Abin da ake hawa a bisa, kamar jaki, raƙumi, keke ko kabu-kabu, "on" yake ɗauka. Ƙaramar mota da Keke Napep "in". Babbar mota da jirgi, inda mutum zai iya miƙewa tsaye ya taka, "on the bus", "on the plane". Misali: "He went to Illela by bus and crossed into Niger on foot." Ɗalibin da zai je mazaunin jami'a na dindindin zai ce, "We went across the bridge at Kwalkwalawa."

Yanzu sai lokaci. A nan akwai 'yar doka mai taimako. Ƙarfe kaza "at", rana "on", wata da shekara "in". Tarihin garinku ya ishe mu misali:

Shehu Usman Ɗanfodiyo died in 1817.
The British took Sokoto in March 1903.
Nigeria became independent on 1st October, 1960.
The examination starts at nine o'clock.

Ku lura, da zarar an ambaci ranar, "in" ta kauce "on" ta shigo. "In March 1903", amma "on 15th March, 1903". "In the morning", amma "on Monday morning". In kuwa akwai "this", "last", "next" ko "every" a gaba, ba a sa kome: "I will come next Friday." Yara da yawa sukan cusa "on" a wurin, a rage musu maki a banza.

"Ten to eight" takwas saura minti goma ke nan, "ten past eight" kuwa takwas da minti goma. Tsakaninsu minti ashirin, wanda ya isa a rufe ƙofar ɗakin jarrabawa, ya kuma isa jirgi ya tashi daga filin Sultan Abubakar III ya bar mutum da jaka a hannu. "On time" shi ne daidai lokacin da aka sa, ba latti. "In time" shi ne kafin abu ya wuce, da sauran dama. Motar da aka ce za ta tashi ƙarfe bakwai ta tashi ƙarfe bakwai, ta tashi "on time". Matar da aka kai asibiti tun naƙuda ba ta yi tsanani ba, an kai ta "in time".

"Since" da "for" sun fi kowa wahalar da mu, dalili kuwa a Hausa yake. Muna da "tun", wadda ta yi daidai da "since". Amma ba mu da kalma a madadin "for" ta tsawon lokaci, cewa muke yi "na yi kwana uku a nan", shi ke nan. Sai yaro ya rasa abin da zai sa, ya jawo "since" ya ce "I have been here since three days". Kuskure ne. "Since" tana son a ambaci lokacin da abu ya fara, "for" tana son a ƙidaya tsawonsa.

Sultan Abubakar III ruled for fifty years, from 1938 to 1988.
Sokoto has been a state capital since 1967.

A 1967 ɗin nan ne Sakkwato ta zama hedkwatar Jihar Arewa maso Yamma, kafin a kafa Jihar Sakkwato a 1976. Ku lura kuma "since" takan jawo "has been" ko "have been", gama abin yana nan har yanzu.

Sai "by" da "until". In shugaban makaranta ya rubuto, "Pay the fees by Friday", nufinsa kada Jumma'a ta wuce ba a biya ba. In ka biya ran Talata ma ya fi. In ya ce, "The office is closed until Friday", ofis a rufe yake har Jumma'a, kada ka wahalar da kanka ran Talata. A takardun gwamnati za ku riƙa ganin "on or before", wato a ranar ko kafinta, da "within fourteen days", wato cikin kwana 14, kada a wuce. Wanda ya ɗauki "within" a kan "after" zai zo ran kwana na 15 ya tarar an rufe.

Mu zo ga kwalin magani, gama nan ne na fi so iyaye mata su kasa kunne. Yawancin magungunan da muke saya da Turanci aka rubuta bayaninsu, sau da yawa kuwa ɗan makaranta ne ake kira ya karanta wa gida. "Before meals" kafin a ci abinci. "After meals" bayan an ci. "With food" tare da abinci. "On an empty stomach" ciki ba kome. Ba ado ba ne, akwai maganin da ba ya shiga jiki sosai sai da abinci, akwai wanda abinci yake rage masa ƙarfi. Maganin zazzaɓin cizon sauro irin su Coartem ana shansa "with food", an fi so da madara ko abinci mai ɗan maiƙo, kuma "for three days", sau shida ke nan duka. Yaro yakan warware a rana ta biyu ya fita wasa, uwa ta ɓoye sauran domin gaba. "For three days" na nufin a cika kwana ukun, ko da zazzaɓin ya sauka.

Ku gwada waɗannan biyu. "Take it for two weeks", a yi mako biyu ana sha. "Come back in two weeks", a komo bayan mako biyu. Kalma ɗaya ce ta raba su. "For external use only" na shafawa ne kaɗai, kada ya kusanci baki. "Keep out of the reach of children", a ajiye inda hannun yara ba ya kaiwa, kan akwati a gefen gado kuwa ba ya cikin irin wuraren nan. "Not for children under two years", kada a ba yaron da bai kai shekara 2 ba. "Store below 30°C", a ajiye inda zafi bai kai 30 ba. Mutanen Sakkwato sun san yadda Afrilu take, zafi yakan haura 40. Maganin da aka bari a bakin taga ko cikin mota a irin wannan rana ba a bi da shi yadda aka ce ba. Wanda kuma wani magani yake tayar masa da ƙaiƙayi ko kumburi, ya haddace wannan ya riƙa faɗa wa kowane likita: "I am allergic to penicillin", ko sunan kowane magani ne. In an yi shakka, a tambayi mai ba da magani da Hausa ya bayyana. Ba abin kunya ba ne, matambayi ba ya ɓata.

Ga maigida kuma, takardun kuɗi. A Hausa kalma ɗaya muke juyawa: "na ranci kuɗi", "na ranta masa kuɗi", "na ari keke", "na ara masa keke". Shi ya sa yaranmu suke cewa "borrow me your pen". Turanci yana da kalmomi biyu, kowace da 'yar rakiyarta. "Borrow from", karɓa daga wani. "Lend to", ba wani.

I borrowed fifty thousand naira from my neighbour.
My neighbour lent fifty thousand naira to me.

Magana ɗaya ce ta fuska biyu. Amma in mai rubuta takardar yarjejeniya ya sa sunanka a bayan "to" maimakon "from", mai bin bashi ya koma wanda ake bi. Ranar da aka je gaban alƙali, abin da ke rubuce za a karanta. A rasit, sunan da ke bayan "received from" na wanda ya biya ne. A takardar cinikin fili ko babur, "sold by" mai sayarwa, "sold to" mai saye. "On behalf of" a madadin wani. "In favour of" wanda kuɗin za su shiga hannunsa. "To stand surety for" wani kuwa shi ne ka tsaya masa, in ya gudu kai za a kama. Mutane sukan sa hannu a wannan suna tsammani shaida kawai suka yi, alhali shaida "witness to" ne.

Ga wadda ta fi su duka santsi. A ce kuɗin hayarka naira 100,000 ne a shekara. Mai gida ya rubuto, "The rent will go up by 20,000 naira." An ƙara maka 20,000, za ka biya 120,000. In ya rubuto "go up to 120,000 naira", ya faɗi inda kuɗin ya tsaya. Duka ɗaya ne. Amma in takardar ta ce "by 120,000", to, 220,000 ake nema a wurinka. "By" yawan ƙari ko ragi take nunawa, "to" kuwa inda aka kai. Haka yake a albashi, haka a farashi, haka a kuɗin makaranta. Ni dai shawarata, kada kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takarda sai wanda ya amince da shi ya karanta masa ita a hankali, yana tsayawa a kan kowace "to" da "from" da "by".

Akwai kuma aikatau waɗanda ma'anarsu take sākewa ɗungum in an sauya musu 'yar rakiya. Mu muna da kalla, da nema, da kula, da bincike, kowace daban. Bature "look" ɗaya ya riƙe. "Look at the child", kalli yaron. "Look for the child", nemi yaron, ya ɓace ke nan. "Look after the child", kula da shi. "Look into the matter", bincika maganar. "He threw the ball to me", ya jefo mini ƙwallo in cafe. "He threw a stone at me", ya jefe ni da dutse. Sau da yawa "at" takan ɗauki faɗa: "shout at" tsawa ce, "shout to" ƙwala kira ne, "laugh at" dariyar reni, "laugh with" dariyar zumunci. "Ask for" roƙon abu, "ask after" tambayar lafiyar mutum, abin da mu muka iya fiye da kowa. "Named after" kuwa sa wa wani sunan wani ne, kamar yadda ake yi wa jariri takwara da kakansa. Jami'ar Sakkwato da aka kafa a 1975 ta sami sabon suna a 1988: "The university was named after the Shehu."

"Put off the light" ta zama ruwan dare a ƙasarmu, amma a Turancin jarrabawa "put off" ɗage abu ne zuwa wani lokaci: "The wedding was put off until December." Fitila "turn off" ko "switch off" ake yi mata, wutar murhu kuwa "put out".

Waɗansu kuma ba su da wani bayani, haddacewa kawai ake yi: "afraid of", "good at", "angry with", "interested in", "suffer from", "depend on", "congratulate on". "Married to" ake cewa, ko da yake "da" tamu tana jan harshe zuwa "with". "She is married to a teacher", malami take aure. In ka ji Bature ya ce "married with three children", yana nufin tana da aure da 'ya'ya uku.

Kuskurenmu kashi biyu ne. Wani lokaci mukan yar da 'yar rakiya inda ake bukatarta, mu ce "reply my letter" maimakon "reply to my letter", ko mu manta da "to" ta "listen to" da "for" ta "wait for". Wani lokaci kuma mukan gayyato ta inda ba a neme ta ba. "Discuss about", "request for", "enter into the room", "reach to Kano", "go to home", duka a cire ta. "We discussed the matter." "He entered the room." "She went home." "Arrive" ba ta shiri da "to" sam: "arrive in Sokoto", "arrive at the motor park". Na san wani zai ce ai ya ji manya suna faɗar "discuss about" a rediyo. Gaskiya ne, Turancin Nijeriya ma yana da nasa matsayi, har a Janairun 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmominmu 29, ciki har da "okada" da "Kannywood". Amma mai duba takardar ɗiyarki bai karɓi "discuss about" ba tukuna, shi ne kuwa yake riƙe da biro.

To, Mama, ga abin da za a yi a gida, ko da ke kanki ba ki jin Turanci. A saya wa yarinyar ɗan littafin rubutu na musamman. Duk lokacin da ta gamu da 'yar rakiya a littafi, ko a jarida, ko a labaran Turanci na rediyo, ta kwafe jimlar ɗungum, ta ja layi a ƙarƙashin kalmomi biyun da suke tafiya tare. Kada ta rubuta "afraid" ita kaɗai da fassararta, ta rubuta "My sister is afraid of dogs." Jimla biyar a rana sun isa. Da dare bayan an ci tuwo ta karanta su da ƙarfi, ƙannenta suna maimaitawa, gama abin da baki ya saba da shi hannu ba ya kuskurensa a ɗakin jarrabawa. Ke kuma ki riƙa miƙa mata kwalin magani da rasit da takardar makaranta ta karanta ta fassara miki, ki tambaye ta, "Wace kalma ce ta ce kafin? Wace ce ta ce bayan?" In da hali a nemi ƙamus na Oxford na masu koyo, wanda A. S. Hornby ya fara shiryawa. Shi Hornby malamin Turanci ne da ya koyar a Japan, ya ga inda baƙin harshe suke tuntuɓe, don haka ƙamus ɗin yakan nuna 'yar rakiyar kalma da misalinta. Ƙamus na Turanci da Hausa yana da amfani wajen sanin ma'ana, amma a wannan aiki na Hornby ya fi.

Ga aikin wannan wata. A cike gurabun, in gurbi ba ya bukatar kome a bar shi haka. Kada a leƙa sama sai an gama.

1. My aunt lives ____ Ƙofar Rini ____ Sokoto.
2. Shehu Shagari became President ____ 1st October, 1979.
3. We have lived in this house ____ eleven years.
4. Take one tablet ____ meals. Nufin likita shi ne bayan an ci abinci.
5. Who will look ____ the baby while Mother is ____ the market?
6. The price of millet went up ____ 500 naira. Nufin mai magana shi ne an ƙara 500.
7. They discussed ____ the wedding last night.
8. I borrowed this hoe ____ my brother and I must return it ____ Saturday.

Amsoshin za su fito a wata mai zuwa in Allah ya kai mu, sa'an nan za mu ɗauki kalmar "get" da 'yan rakiyarta, su "get up", "get on", "get over" da "get away with". Wanda ya ci takwas duka ya rubuto mana mu ji.